Wutar da aka sa mini a hanta, da fadamar da na sayar bayanta

Yayana ya rasu bayan ƙaramar Sallar 2019, yana da shekara 49 a duniya. Ni da limamin unguwarmu muka yi masa wanka, kuma har gobe idan na rufe ido ina ganin cikin nan nasa: ya kumbura kamar tulu, fatar tana sheƙi, ga tabo tara a jere ta gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Tabon lalas ne. Wani mai magani aka ɗauko daga ƙauye, ya cusa ƙarfe cikin garwashi har ya yi jawur, ya riƙa ɗora masa, wai zafi zai kori ciwon dajin da ke hantarsa. Ni na danne masa ƙafafu ranar. Bai yi ihu ba, salati kawai yake ta yi, gumi na tsiyaya, ƙaurin fata ya cika ɗakin. Ban kawo wannan don in ci mutuncin kowa ba. Dukkanmu sauƙi muke nema masa, kuma iyakar abin da muka sani ke nan. Na fara da shi ne domin bayan shekara huɗu ni ma an sa mini wuta a daidai wannan wurin, ta wata hanya dabam, ga ni kuma ina ba da labari.

Sana'ata albasa. Ina saye a hannun manoman Goronyo da Wurno da Kware, in loda zuwa kudu, gidana kuma yana Mabera a nan Sakkwato. Karatuna bai wuce sakandare ba. Abin da zan faɗa a kan magani, wahala ce ta koya mini shi, sai kuma ɗan Yaya na fari, wanda a lokacin yake karatun likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ranar da muka kai Yaya asibitin koyarwa, idanunsa sun riga sun koma ruwan ɗorawa. Likita ya duba hoto, ya ja ni gefe ya ce ƙarin ya cinye fiye da rabin hanta, abin da ya rage sai rage masa raɗaɗi. Har na juya zan fita ya tsayar da ni.

"Alhaji, ku nawa ne a ɗakinku?"

Na ce mu shida.

"Ku zo dukkanku a auna jininku. Har mahaifiyarku, in tana raye."

Cikinmu mu biyar da muka rage, uku aka samu da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, har da ni. An samu a jinin Inna ma. Likitan ya yi mini bayani cewa wannan ƙwaya tana iya kwanciya a hanta shekara talatin ko arba'in ba ta ce uffan ba, tana cin ta a hankali, har hanta ta yi tabo, daga tabon kuma daji ya tsiro. Mafi yawanmu a wannan ƙasa muna ɗauka ne tun muna jarirai ko ƙanana, daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya, tsaga ko cire beli da ita. Cin abinci a kwano ɗaya ba ya kawo ta. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a ajiya su ma suna da wata guba da ke ƙara wa hantar rauni. Allurar rigakafin kuwa sai a 2004 ta shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya, lokacin mu mun daɗe da aure. Har yau ban faɗa wa Inna ma'anar sakamakonta ba. Ta san tana shan "maganin hanta", shi ke nan. Ba zan ɗora wa tsohuwa tunanin cewa ta wajenta abin ya zo wa ɗanta na fari ba, alhali ita ma gada ta yi.

Aka ɗora ni kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, aka ce kada in daina ko na ji ni garau. Aka ce duk wata shida in zo a yi mini hoton ciki da awon jini. Na kiyaye har shekara uku. A farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, ga kakar albasa ta zo, manoma ba sa karɓar tiransifa, ina yini a layin banki, sai na tsallake awo ɗaya. Da na koma a watan Yuli, mai hoton ya daɗe yana murza na'urar a wuri ɗaya, ya daina hira. Ƙari ne, santimita 2.8, kamar ƙaramin goro. Ba na jin ciwon komai. Da safen nan ma sai da na sa aka loda mota guda.

Aka ƙara hotuna, aka tabbatar. Likitoci suka ce ƙari ɗaya ne, bai kai santimita 3 ba, bai taɓa babbar jijiya ba, bai fita daga hanta ba. Irin wannan ana iya yanke shi, ana kuma iya ƙona shi a inda yake. Da yake nawa ya yi zurfi kuma hantar ta fara tabo, suka fi karkata ga ƙonawa. Muka yi shawara da 'yan'uwa, aka tsayar da tafiya Alƙahira, inda mutanenmu da yawa ke zuwa neman magani, kuma Misirawa sun daɗe suna fama da ciwon hanta a ƙasarsu, sun san aikin.

Da na je yi wa Inna sallama na tarar tana kan tabarma tana jan carbi. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ce: "Wanga ciwo bai son ƙarhe, kowa ya sani. Kuma wuta? Ba ita munka yi ma wancan ba?" Na rasa abin cewa. Ɗan Yaya ne ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ta Baba a fata ta tsaya, ciwon yana can ciki ba ta kai gare shi ba. Wannan allura ce za ta shiga har tsakiyar ƙarin, suna kallo a hoto." Ta yi shiru, sannan ta dafa kaina ta ce, "Allah shi ba ka lahiya, shi mai da kai gida."

Maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe ta kashe mana mutane da yawa. Na san inda ta samo asali: mutum ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya gama da shi, a taɓa shi ya cika, sai a ce allura ce. Da na bi ta, da yanzu nawa ƙarin ya kai na Yaya.

An yi aikin a watan Satumba. Ɗaki ne mai sanyi, aka kwantar da ni rigingine, hannun dama a saman kai. Likita ya nuna mini allurar kafin a sa mini maganin barci: doguwa ce siririya, kamar tsinken saƙa, da waya a gindinta. Bakinta ke fitar da irin igiyar zafin da na'urar ɗumama abinci ke aiki da ita. Ana bi da ita ta tsakanin haƙarƙari, ana kallo a allo, har ta tsaya a cikin ƙarin. Idan zafi ya wuce digiri 60 nama yana mutuwa nan take, kuma suna ƙona ƙarin ne haɗe da ɗan zagayen lafiyayyen nama, don kada a bar saiwa. Ƙonawar kanta ba ta kai minti goma ba. Na farka da ciwo a kafaɗar dama, abin da ya ba ni mamaki, suka ce haka hanta ke kai ƙara. Na yi zazzaɓi kwana uku. Abin da ya rage a fatata ɗigo ne kamar ƙwayar dawa.

Bayan wata guda aka sake hoto. Inda ƙarin yake ya zama baƙin tabo, jini ba ya shiga. Na yi sujada a ɗakin likitan. Da na ɗago sai ya ce in zauna, akwai sauran magana. Ya ce sun kashe abin da ido ya gani, amma fiye da rabin masu irin wannan ciwon yana dawo musu cikin shekara biyar, ko daga 'ya'yan da ƙarin ya riga ya watsa waɗanda hoto ba ya kamawa, ko sabo ya tsiro daga hantar da ta riga ta ji jiki. Nan take na gane, domin aikina ke nan. Ka buɗe buhu ka cire ruɓaɓɓiyar albasa ɗaya, sauran su yi maka kyau a ido, ka ɗinke, motar ta kai Legas ka tarar ruwanta ya riga ya taɓa na kewaye.

Ya ce akwai sabon abu. A watan Afrilun shekarar an bayyana sakamakon wani babban bincike mai suna IMbrave050, da aka yi kan mutum 668 waɗanda aka yanke wa ƙari ko aka ƙona musu shi, kuma ake tsoron zai dawo. Rabi aka ba su magunguna biyu ta ƙarin ruwa, atezolizumab da bevacizumab, duk mako uku har shekara guda, rabi aka tsaya sa musu ido. Waɗanda suka sha, haɗarin dawowar ciwon ya ragu musu da kashi 28 cikin ɗari. Ya faɗa mini gaskiya: sakamakon farko ne, ba a daɗe ana bin mutanen ba, maganin yana da tsada ƙwarai, kuma yana da nasa illolin. Ya ce in je in yi tunani.

Daren nan ba mu yi barci ba a masauki. Ɗan Yaya ya zauna bakin gado da wayarsa yana warware mini. Ya ce jiki yana da dakarunsa a cikin jini, masu yawo suna farautar duk abin da ba na gida ba. Daji kuwa ɗan gida ne da ya lalace, kuma yana ɗaure da wani abu a jikinsa wanda idan dakarun suka taɓa sai su wuce kamar ba su gan shi ba.

Na ce, "Layar zana ke nan."

Ya ce, "Ita ce, Baffa. Maganin farko aikinsa karya layar. Na biyun kuma yana hana ƙari yin sababbin jijiyoyin da zai sha jini."

Na tambaye shi ina ruwan wuta da wannan. Ya ce a nan hikimar take. Idan aka yanke ƙari aka jefar, ya tafi da sirrinsa. Idan aka ƙona shi a cikin jiki, gawarsa tana nan, ta farfashe, kayan cikinta sun watse, sai wasu 'yan leƙen asirin jiki su kwashe su kai wa dakarun, kamar yadda maharbi ke shinshina wa karensa sawun nama. Daga nan dakarun sun san ƙamshin, za su iya bin 'ya'yan da suka gudu ko'ina suke. Zafi ya nuna musu ɓarawo, magani ya kwance musu hannu. Ya ce tun 1953 wani masani a Ingila, R. H. Mole, ya raɗa wa wani abin mamaki suna: a gasa ƙari ɗaya da haske, wani can nesa da ba a taɓa ba ya motse. Abin yana faruwa, amma jefi-jefi. Ya ba ni labarin William Coley, likitan fiɗa a birnin New York, wanda a 1891 ya fara sa wa masu daji ƙwayoyin cuta da gangan don su yi zazzaɓi mai zafi, bayan ya lura wani ya warke daga ƙari sakamakon irin wannan zazzaɓin. Wasu sun samu sauƙi, wasu cutar da aka sa musu ta kashe su, aka yi watsi da hanyar shekaru da yawa. Sai a 2018 aka ba James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan kyautar Nobel saboda gano birkin da ke riƙe dakarun jiki, da yadda za a sake shi.

Yana magana ina kallon fuskarsa, fuskar ubansa ce sak. Ya tsaya, muryarsa ta canza, ya ce, "Da Baba ya zo da wuri..." Bai ƙarasa ba. Kafin asuba na yanke shawara zan sha maganin ko me zai ci.

Ya ci fadamar da muka gada a bakin gulbin Rima, rabona da na ƙanena, wanda ya sa hannu bai ko tambayi nawa aka saya ba. Ya ci mota ɗaya. Zagaye na farko a Masar aka yi, bayan an zura mini na'ura ta maƙogwaro an tabbatar babu kumburarrun jijiyoyin da za su fashe, domin bevacizumab yana iya jawo zubar jini. Sauran a Abuja, duk mako uku: kwana a hanya, yini a kujera da ƙarin ruwa a hannu, kwana a dawo. Kowane zagaye miliyoyi ne, kuma da dala ake lissafin maganin. Naira kuwa tana ta zubewa, a farkon 2024 dala ta haura 1,500. Kuɗin da na ƙiyasta zai kai ni zagaye 17 ya ƙare a na bakwai.

Jikina ma ya biya nasa. Hawan jini ya kama ni, wanda ban taɓa yi ba. Daga baya wata kasala ta sauko mini, ga jin sanyi a watan Maris, a Sakkwato, mutane na neman inuwa ni ina neman bargo. Awo ya nuna dakarun da aka kwance wa hannu sun far wa halittar nan ta maƙogwaro, wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo, sun kashe mata aiki. Yanzu akwai wata ƙaramar ƙwaya da nake sha kowace safiya kafin karin kumallo, kuma an ce har ƙarshen rayuwa.

Zagayen ƙarshe ya faɗo cikin azumin 2024. Daga nan na shiga watannin da suka fi mini ranar da aka ce ina da daji wuya. Gani nake na tsaya a tsakiyar gulbi. Duk ɗan motsi a gefen dama sai gabana ya faɗi. Uwargida ta kawo 'yan kunnenta da sarƙarta na zinariya a ƙulle cikin gyale ta ajiye mini a kan gado, na mayar mata, domin ko rabin zagaye ba za su biya ba, muka zauna muna kuka kamar yara.

A wannan lokacin ne masu ba da shawara suka yi yawa. Da labari ya bazu cewa da zafi aka yi mini magani, wani ya ce in riƙa kwanciya a rairayi da tsakar rana, wani ya ce gashi da tafasasshen ruwa kamar mai jego, wani ya turo mini tallar wani bargon lantarki a WhatsApp wai yana narkar da daji. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya yi ko ɗaya. Zafin garin nan yana wuce digiri 40 a watan Afrilu, amma cikin jikin mutum yana nan wajen 37, gumi ke tsare shi, ranar da ya kasa tsarewa kuma mutum ya faɗi. Da zafin rana na maganin daji, da ba a san shi a Sakkwato ba. Ko ɗumamawa mai sauƙi da wasu asibitocin waje ke yi, ta digiri 40 zuwa 43 na kamar awa guda, da na'ura ake auna ta a kan ƙarin, kuma tare da gashin haske ko maganin daji ake haɗa ta, ba ita kaɗai ba.

A watan Satumbar 2024 ɗan Yaya ya zo gidana bayan Isha'i, ya ƙi zama. Ya ce an yi taron likitocin daji na Turai a Basalona, an kawo ci gaban binciken nan. Da aka ƙara bin mutanen, ratar da aka gani da farko ta rufe kusan gaba ɗaya. Waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, ciwon ya dawo musu kusan daidai, maganin jinkirta shi ya yi a farko. Masu binciken da kansu suka ce sakamakon bai goyi bayan a riƙa ba da shi don rigakafin dawowa ba.

"Baffa, ka yafe mini. Ni na ƙarfafa maka."

Na kama hannunsa na zaunar da shi. Abu biyu suka taso mini a lokaci guda, har yau ban iya raba su ba. Wani dutse ya sauka daga ƙirjina, domin ashe zagaye goman da na kasa biya ba su ne tsakanina da kabari ba. Sai kuma fadamar ta faɗo mini a rai, da ƙanena mai 'ya'ya bakwai. Na ce masa babu abin yafewa. Shi da likitan sun faɗa mini abin da aka sani a ranar, har da cewa sabo ne, ni na zaɓa. Kuma mutanen da suka fito suka ce abin da muka yi murna da shi bara bai tsaya ba, na fi yarda da su a kan mai maganin da bai taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Ban ɗauka hikimar ta mutu ba. Waɗannan magunguna biyu, tun 2020 aka tabbatar suna ƙara wa masu dajin hanta da ya yi nisa kwana. Haɗa ƙonawa da tayar da garkuwar jiki kuwa ana nan ana gwada shi a ƙasashe da dama, ana neman wane magani, wane irin zafi, kafin ko bayan, kuma ga wane majiyyaci. Ina yi musu addu'a da zuciya ɗaya, domin akwai 'yan'uwana biyu da ke ɗauke da ƙwayar nan. Amma wanda ya zo mini yau ya ce zai sayar da gona don wannan haɗin, zan ce ya tambayi likitansa ko an tabbatar da shi ga irin ciwonsa da matakinsa, ko kuwa har yanzu gwaji ne, ya kuma nemi amsar a fili kafin ya kira dillali. Ni abin da na tabbatar ya yi mini aiki shi ne an ga ƙarin yana santimita 2.8. Da na ƙara tsallake awo ɗaya, da allurar ba ta da abin yi.

Matana da 'ya'yana duk an auna su, waɗanda ba su da ita an yi musu rigakafi allura uku. Da 'yata ta haihu bara, ni na tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa har sai da aka yi wa jaririn allurar hanta kafin ya kwana, domin an ce cikin awa 24 na farko ta fi amfani. Ranar suna na saya wa wanzami sabuwar reza da hannuna. Ƙanena kuma na fara biyansa kuɗin fadamarsa kaɗan-kaɗan, duk kaka, ko da yake kullum sai ya yi fushi kafin ya karɓa.

Hotuna na bayan nan ba su nuna sabon abu ba, alhamdu lillahi. Baƙin tabon yana nan, ya ɗan motse. Ba a ce mini na warke ba, ni ma ban ce ba. Duk ranar da na dawo daga awo nakan biya ta wajen Inna kafin in shiga gida. Ba ta tambayar abin da takarda ta ce. Sai ta ce in ɗaga riga, ta lalubo ɗigon nan da ɗan yatsa, idonta ya yi rauni yanzu, ta tofa addu'a a wurin, ta ce, "Yaushe za ka koma?" Na gaba ya faɗo makonni biyu bayan Babbar Sallah. Na rubuta ranar a bangon shago, sama da lissafin buhuna.